Na Yanke Ciyawar Kafin Ta Yi Fure

Zuwa ga Raelene, hasken gidana, sanyin iskar teku a tsakar zafin bazararmu ta Disamba, uwar 'ya'yana da ta fi zumar dajin Tasmaniya zaƙi!

Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san ni da makaranta gaisuwa kawai muka yi, kowa ya kama gabansa.

Kin tuna ranar da na fara zuwa zance da damin furannin da na tsinko a gonarmu? Idanunki suka yi jajur, hawaye shar-shar. Na koma gida ina taƙama wai ƙaunata ce ta sa ki kuka. Ashe ƙurar furen ciyawa ce! Wane sakarai ne ya taɓa dacewa irina?

Tun daga nan, duk shekara ciyawa na yin fure sai ki gudu bakin teku wurin yayarki. Amma bara da numfashinki ya sarƙe har aka kwantar da ke asibiti, kin ce ƙila bana ki zauna can dungurungum. Wayyo, Raelene! Gida ba ke, ai rumfar tumaki ce mai labule. Wa zai yi dariyar barkwancina? Yaran sun daina tun suna firamare.

To, saurari aikin mijinki. Na yanke ciyawar gonarmu kaf tun tana ɗanya shataf, kafin ta fitar da kai ko ɗaya! Ingiricin da na samu bai kai rabin na kullum ba. Maƙwabcinmu Clarrie ya jingina da shinge yana cewa, "Lindsay, jariri kake wa aski?" Na ƙyale shi. Washegari na shiga tasa gonar da tarakta na aske ta ita ma, don daga can iska ke busowa tagarki. Ya yi ta zage-zage, sannan ya kawo mini shayi.

Yanzu ki zo ki ga fili, fes kamar haɓar ango!

Ba zan yi miki ƙarya ba, tauraruwata: tsibirin nan namu na Tasmaniya da faɗi, iska kuma ba ta jin maganata. Ki dawo ki gwada, da maganin shaƙarki a jaka. In ƙirjinki ya ƙi, wallahi zan sayar da tumakin in biyo ki bakin tekun, ni da ko a baho ba na sakin gefe.

Naki har numfashina ya ƙare, kuma ina roƙon ya riga naki,

Lindsay