Canjaras da Baba Gurgen

Lahadi, 3 ga Maris

Ya sake cinye ni. Babana, tsoho ɗan shekara tamanin da ɗoriya, ya cinye ni a ces, darar Turawa, kamar yadda ya saba tun ina 'yar firamare. Ko sau ɗaya ban taɓa cinsa ba, ko canjaras ban taɓa samu ba. Yau na taɓa giwata bisa kuskure na janye hannu, sai ya ɗaga gira, ya haɗa sunana da "jan" ɗinmu ta lallashi: "Gohar jan, abin da aka taɓa shi ake tafiyarwa." Ni da kantin maganina da furfurata, an hana ni mayar da giwa.

Da zan tafi ya sauko da wani littafi daga saman kabad, bango duk ya ɓalle. Wasannin wani zakaran ces ne da yake ji da shi, an haɗa su wuri guda. Wai in karanta ko na daina tura sojojina cikin wuta. Ban ce na gode ba.

Laraba, 6 ga Maris

Na raka Baba asibiti. Likita ta ja ni gefe ta ce mantuwar da yake yi ba ta tsufa kaɗai ba ce, kuma gaba za ta yi. Watakila shekara, watakila ba ta kai ba.

A mota yana ta yi wa direba faɗa kan ramukan titi, ni kuwa abin da ke raina shi ne ban taɓa cinsa ba. Ina so in ci Baba yana nan da hankalinsa cif, ya san an ci shi, ya ji haushi. In na bari sai kansa ya tafi, wannan ba ci ba ne. Na buɗe littafin.

Asabar, 9 ga Maris

Wai wannan ne zakaran duniya? Ya matsar da sarki lungu. Ya dawo da shi. Ya ja jirgi gida ɗaya, ya mayar. Sai a yi musabaha, canjaras. Na raɗa masa suna Kunkuru.

Lahadi, 10 ga Maris

Kawu Serob, maƙwabcin Baba, ya riga ni zama kusa da murhu da kofin gahawarsa. Yana ganina ya ce, "Gurgen, tashi, mai sayar da magani ta zo shan nata na mako." Na ce ya kula da hawan jininsa. Ya ce kallon wasana ne ke saukar masa da shi, don babu wata fargaba, an san ƙarshe.

An cinye ni kafin gahawa ta huce.

Alhamis, 21 ga Maris

Canjaras, canjaras, canjaras. Kunkurun nan a gasa yake ko a layin burodi?

Talata, 2 ga Afrilu

Bagrat ya ce tun da ya aure ni bai taɓa cin abinci a tsaye ba sai bana, allo ya mamaye tebur. Ɗazu ya tsinci baƙin sojan ces a cikin kwandon burodin lavash. Ya ce, "Ki bar tsohon nan da abu ɗaya da ya rage masa mana." Na ce ba da shi nake magana ba. Ya fita baranda shan sigari, ni na ci gaba da bin Kunkuru yana ja da baya, raina a ɓace da su duka biyun.

Jumma'a, 12 ga Afrilu

Kanti babu mutane saboda ruwan sama, na shimfiɗa ƙaramin allo a bayan kanta. Akwai wasan da Kunkuru ya ba da jirgi sukutum ya karɓi doki. Na ce wannan ai wauta ce, ko ɗan aji biyu ya san jirgi ya fi doki. Na bi wasan har ƙarshe don in ga yadda zai sha kashi. Ashe dokin nan shi kaɗai ne zai iya shigo masa gida, kuma ya hango haka tun mai dokin bai hango ba. Bayan nan abokin wasan ya yi ta zagaye da jiragensa biyu, babu ƙofa.

Haushi ya kama ni, don abin ya burge ni. Wata tsohuwa ta tsaya tana ta buga kanta tana neman maganin tari, ban ji ta ba.

Lahadi, 21 ga Afrilu

Yau Baba ya cire tabarau ya goge. Bai taɓa yin haka a wasa da ni ba. Na rufe tsakiya, na ƙi kai hari, na zauna ina jira duk da hannuna na ƙaiƙayi. Kawu Serob ya ce, "Yarinyar nan ba ta da lafiya, a kira likita, yau ba ta ba da kyautar komai ba." Wasa ya yi tsawo har miyar da na ɗora ta kama.

Ya ci dai a ƙarshe, da soja ɗaya. Amma ya yi gumi, na gani.

Yana jera kayan cikin akwati ya ce, "Wa ya koya miki wannan zaman?" Na ce littafin ne. Ya ce wane littafi. Na faɗa masa. Ya ce, "Ah, mai kyau ne, ina kika samo shi? Ni ma ina da irinsa a wani wuri." Kawu Serob ya duƙa yana neman abin da bai yar ba a ƙarƙashin kujera.

Litinin, 22 ga Afrilu

Lokaci nake tsere da shi, kuma wanda aka ba ni ya koya mini sauri Kunkuru ne.

Lahadi, 5 ga Mayu

An fitar da tebur tsakar gida, ƙarƙashin bishiya. Wasa ya yi kyau, na matse shi ta gefen sarauniya, na ji a jikina yau ce ranar. Sai ya miƙa hannu zai ɗauki giwa, ya kama sarauniya. Na ga fuskarsa lokacin da ya gane. Duk inda ya ajiye ta dokina zai cinye. Ya daɗe riƙe da ita, ya ce a hankali, "Abin da aka taɓa," ya ajiye.

Shekara nawa ina jiran wannan. Na dubi sarauniyar, na tura wani soja can gefe, wai ban gani ba.

Kai, ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. "Sadaka kike ba ni? Ni? A gidana?" Ya kife sarkinsa da kansa, alamar ya miƙa wuya, ya ce in tausayi ya kawo ni in zauna a kantina, can ake raba wa marasa lafiya. Ya shige ɗaki ya turo ƙofa.

Kawu Serob ya taya ni tsince kayan. Ya ce, "Ke ma dai. Mutumin da ya koya miki kallon allo za ki yi wa makanta?" Na ce to me zan yi, in cinye ta? Ya ce shi ma bai sani ba.

Laraba, 8 ga Mayu

In na ci, ba Baba na ci ba. In na bar masa, ya gani. Na jefa littafin bayan kujera. Bagrat ya ɗauko ya kakkaɓe shi ya ajiye a tebur, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Lahadi, 12 ga Mayu

Ban je ba. Da hantsi waya ta yi ƙara. "Gohar jan, ina kika shiga? Allo a shimfiɗe, gahawa na hucewa." Ya manta da faɗan kakaf. Na ce kanti ne ya riƙe ni, sai mako mai zuwa. Na ajiye wayar na yi kuka a kan kwalayen sirinji, sannan na yi wa mai kawo kaya masifar da bai cancanta ba.

Ya manta faɗa, amma idonsa bai manta ces ba. In na sake yi masa waccan makantar zai sake ganewa, ya sake jin ciwon sabo fil.

Alhamis, 16 ga Mayu

Na koma kan wasannin nan na canjaras da na yi ta tsallakewa ina zagi. Ashe aiki ne ja. Yadda Kunkuru yake sarƙe sojoji su cije da juna, ya musanya duk abin da zai iya yin ɓarna tun da wuri, har a wayi gari ko mutum ya so yin kuskure babu inda zai yi shi. Kuma babu taku ɗaya da za a nuna a ce ga ragwanta. Wannan ya fi cin wasa wuya nesa ba kusa ba. Tsinannen Kunkuru.

Lahadi, 26 ga Mayu

An fara sayar da 'ya'yan itacen ceri, na kai wa Baba. Na musanya sarauniyoyi tun farko, ya yi tsaki ya ce matsoraciya. Na sarƙe tsakiya. Sau biyu hannunsa ya sauka a kan abin da bai nufa ba, sau biyun babu abin da ya lalace. Muka yi ta zagaye har inuwa ta bar teburin. Can ya cire tabarau, ya daɗe yana kallo, ya miƙo mini hannu ta saman allo. "Canjaras." Bai taɓa miƙo mini hannu ba, kai yake dafa mini.

Ya juya yana cika baki: "Serob, ka gani? Da ƙyar ta sha. 'Yata ce fa." Kawu Serob ya ce ai ya gani, ya gani sosai, ya cusa ceri a baki yana kallona.

Akwai hanyar da dokina zai shiga ta gefen dama. Na gan ta tun tsakiyar wasa, taku huɗu an gama. Na matsar da sarkina lungu, na dawo da shi.

Ba wai na fasa cinsa ba ne. Littafin ne ban gama ba tukuna.