Takardar da Baba ke liƙawa a taga

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Yaya jiki, yaya idanun? Allah ya ƙara sauƙi. Mama, na san ke ce mai karanta masa, don Allah kada ki tsallake ko layi ɗaya.

Baba, shagonka na gyaran rediyo yana nan, amma tun da ka koma gida mutane sai su leƙo su tambayi mai gyara, in ce ni ce, su ce za su dawo. Har yau suna dawowa. Yaya ya sake tuna mini alkawarin da na yi masa: in wata ya ƙare ban samu aikin kirki ba, a rufe shagon a sayar da kayan aikinka. Saura kwana tara.

Jiya dogon mai jitan nan da kake gyara wa lasifika ya zo. Ɗan akwatin da yake takawa da ƙafa muryar jita ta yi kauri tana gurnani, shi ne ya ƙone ƙurmus, ga shi ranar Asabar wata ƙungiyar makaɗa za ta gwada shi. Da ya ji ba ka nan har ya juya. Ban san lokacin da bakina ya ce zan haɗa masa sabo ba. Tela maƙwabcinmu ya sunkuyar da kai a kan kekensa yana dariya ƙasa-ƙasa. Raina ya ɓaci, amma na haɗiye.

Na samo zanen, na fito da allon nan mai ramuka da layukan jan ƙarfe a bayansa. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Ka sa ni a addu'a.

'Yarka,
Auta

Babana,

Ina gaishe ka gaisuwar 'ya da mahaifi, ina fata jiki da sauƙi. Mama, gyara zama, wannan doguwa ce.

Bari in fara da abin kunya. Ran Laraba na gama. Na yanke layukan jan ƙarfe wuri goma sha huɗu, na jera 'yan transistocin nan masu ƙafa uku da ke ƙara sauti, dalmar da na liƙe su da ita sai sheƙi take. Mai jita ya zo, tela ma ya bar ɗinkinsa ya tsaya bakin ƙofa. Muka jona, mai jita ya taka, shiru kake ji. Na murɗa maɓallin sauti, sai wani ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Abin yana ninka sauti sau ɗaruruwa, ashe kuskure ma haka yake ninka shi. Mutumin ya naɗe wayarsa, da ƙyar ya yarda zai sake leƙowa ran Juma'a. Da suka watse na yi kuka, har da majina.

Washegari na bi kowace ƙafa da mitar awon wuta. Ta saman allon komai yana mazauninsa. Na ɗaga kai don wuyana ya huta, sai idona ya faɗa kan tabon gam ɗin nan na gilashin taga. Ka tuna yadda kake kwafe zane a siririyar takarda, ka liƙa ta a taga ta ba ka baya, kana kallonta a haske? Ni kuma ina tsokanarka wai Baba ya tsufa har karatu a juye yake yi. Ashe zane ta sama ake ganinsa, yanka kuma ta ƙasa ake yi, in ka kifa allo dama ta koma hagu. Ni kuwa na kifa na yi ta yanka yadda na gani a zanen. Duk sha huɗun babu na daidai ko ɗaya. Lallai abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba.

Na ɗauko sabon allo, na kwafe zanen a siririyar takarda, na liƙa ta a kan tabonka. Na yanka, na bi tsakanin layuka da wuƙa, na shafa da yatsa yadda kake yi, na raba wayar shiga da ta fita don kada su yi fito.

Ran Juma'a mai jita ya dawo ya taka. Baba, gurnanin da ya fito sai da kusoshin cikin gwangwaninka suka yi rawa. Ya buga tsirkiya ɗaya ya saki hannu, muryar ta ƙi mutuwa, tana ja tana ja. Ya zauna a kujerarka ya yi ta kiɗa rabin awa, mutane suka cika ƙofa. Ni dai ina tsaye ina dariya kamar wata sokuwa.

Asabar ƙungiyar makaɗan ta ɗauke shi aiki. Litinin ya kawo abokansa biyu, kowa irin nasa yake so. Tela ma ya lallaɓo da rediyo a hammata, wai ta matarsa ce. Yaya ya zo da mai sayen kayan, suka tarar babu wurin zama. Yaya ya daɗe yana kallona ina aiki, sannan ya sallami mutumin, ya ajiye mini ɗayan makullin shagon a kan tebur.

Ga allon farko nan na sa a cikin ambulan. Ka shafa bayansa da yatsa, ka ƙirga ramukan shirmena, ka rama dariyar da na yi maka. Takardar kuwa tana nan a taga, ba zan cire ba. Ka hutar da idanunka, Baba, ni zan riƙa duba ta.

A gaida kowa da kowa.

'Yarka,
Auta mai gyara