Makunni Biyu Saboda Ƙafar Inna

Zuwa ga Yaya Hadizatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gajiya? Ya zaman Agadas, ya maigidanki da yara? Mu nan Damagaram lafiya lau muke, alhamdu lillahi.

Zancen ƙafar Inna ne. Tun ranar da ta yi tuntuɓe da turmi garin zuwa zaure kunna fitilar tsakar gida, hankalina bai kwanta ba. Sai na roƙi maigidana na wurin aikin lantarki ya koya mini yadda ake yi wa ampul ɗaya, wato ƙwan fitila, makunni biyu. Wayar kuran, wato wutar lantarki, takan shiga na farko, wayoyi biyu su haɗa shi da na biyu, daga nan waya ɗaya ta wuce zuwa ampul. Na bar makunni ɗaya a zaure, na sa ɗaya a ƙofar ɗakinta.

Da farko na rikita wayoyin, na zaure ya ƙi kamawa sai in na Inna yana kunne. Baba ya danna, ya sake dannawa, ya ce, "Bar shi haka, Laminu, dama gidan nan sai ta yarda." Inna ta ce, "Sai yau ka sani, Malam?" Na dai gyara.

Yanzu ta daina ratsa duhu. In tuwo ya sauka ma, daga ƙofarta take kashe wutar ta kunna, abokan hirar Baba a zaure su gani su ce, "Malam, tashi, ana kiranka."

Ki sa ni a addu'a, Allah ya tsare ni da kuran. Ki gaida maigida, ki shafa mini kan auta.

Ƙaninki,
Laminu