Kabarin Mahaifiyata Ba Shi da Siminti

Zuwa ga Shugaban Hukumar Gina Madatsar Ruwa ta yankinmu,

Godiya ta tabbata ga Allah da Yake raya ƙasa da ruwa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Sallama gare ka, ranka ya daɗe, da duk mai karanta wannan.

Ni ɗan Tungar Giginya ne, ƙauyen da ruwan madatsarku zai shanye. Na tsufa a Jidda ina karantar da Alƙur'ani a unguwar Bani Malik. Ba na ƙin wutar lantarki, na san duhun da na tashi a cikinsa. Kukana a kan maƙabartarmu yake.

Na farko. Ƙanena Idrisu ya kira ni yana kuka. Ma'aikatanku sun zo, sun ware kaburburan da aka ɗaure da siminti ko aka kafa wa allo, su kaɗai za a mayar kan tudu. Ragowar filin sun ce saura ce.

Na biyu. Mahaifiyata tana kwance a wannan saurar. Da ta rasu, Idrisu ya so ya gina kabarin, ni na hana shi, domin Sunna ba ta yarda da gini a kan kabari ba. Dutse kawai muka aza a gindin wata aduwa. Ban yi nadama ba. Sai dai katafilarku ta tuge aduwar lokacin da ake buɗe hanya, dutsen ma ba a gan shi ba.

Na uku. An ce an shawarci al'umma. Gaskiya ne an zauna da dagaci a kan gonaki da gidaje. Ba a kira dattawan da suka saka mamatanmu da hannunsu ba, kaɗan kuma suka rage.

Ni ba zan iya zuwa ba. Ƙafafu sun ƙi, iƙamata, wato takardar izinin zamana a Saudiyya, kuma tana hannun kafili, wanda ya tsaya mini a ƙasar.

Roƙona shi ne kada a tare ruwan sai an zaga maƙabartar da dattawan nan, duk mamacin da suka nuna makwancinsa a ɗauke shi da mutunci.

Na san ruwa ba zai ɓoye mahaifiyata ga Ubangijinta ba ranar tashi. Ina dai son jikokina su sami inda za su tsaya su yi mata sallama.

Allah Ya yi maka jagora, Ya jiƙan iyayenka, Ya bar maka kaburburansu a inda ka san su. Mai karatu, Allah Ya sa ka cika da imani.

Wassalam.

Malam Haruna na Tungar Giginya,
Bani Malik, Jidda