Kwalbatin da Ɗana Ya Soke

Anti mai ba da shawara, don Allah ki taimake ni. Surukata ce ke rubuta min wannan, ni baki kawai na sa, karatuna bai wuce sa hannu ba. Na ce mata kada ta gyara min magana.

Mijina ya rasu tuntuni, ya bar min gida a bakin hanya da ɗa guda. Da ɗinki na yi masa makaranta har ya zama injiniya. Babbar hanyar da gwamnati ke yi ta ƙofar gidanmu, shi aka ɗora a kan kula da kuɗinta. Da fari har barka 'yan unguwa ke zuwa yi min.

To kuɗin da aka ware bai kai ba. Wai sun tarar da dutse inda suka zaci ƙasa ce, siminti ya tashi, motoci na tsaye ana biyan haya. Aka ce ya rage duk abin da zai ragu. Cikin abin da ya soke har da kwalbatin layinmu, ga hanyar kuwa ta fi gidajenmu tudu. Ruwan farko, sai da na ɗora keken ɗinkina kan gado. Mai shagon kusa da mu buhunan sukarinsa suka narke. Yanzu in na gaishe shi sai ya hau duba waya.

Ni ruwan bai dame ni ba, na kwashe wanda ya fi shi. Yaron ne damuwata. A da, duk ranar hutu yana nan, ya miƙe a tabarmar ubansa yana ta ba ni labarin aikin da ban gane komai a ciki ba. Yanzu sai dai direba ya kawo cefane. Matarsa ta ce ko abinci tsakura yake yi. Bai ci ko sisi a kuɗin aikin ba, ni na haife shi, tsohon takalminsa ma shaida ne.

Akwai fili da marigayi ya bari. So nake in sayar, in biya kwalbatin nan a ɓoye, a ce gwamnati ce ta yi. Nawa ake yinsa, kuma wa ake kai wa kuɗin? In ya yi saura a biya mai shago sukarinsa, kada a ce daga ni ne. Kuɗin katin wayar da aka turo wannan saƙon da shi kuma, ni surukata za ta biyo, ba mijinta ba.

Tsohuwar bakin hanya

Mama, ina gaishe ki. Kada ki sayar da filin nan. Ba a karɓar kuɗin mutum a ɓoye a aikin gwamnati. Duk wanda ya ce zai karɓa damfararki zai yi, in kuma maganar ta fito ɗanki za a tuhuma.

Maƙwabtanki suna da gaskiya, an cuce su. Amma ki duba matsayin ɗanki: da ya bar kwalbatin ƙofar uwarsa ya soke na wasu, me za a kira shi? Watakila abin da ya guje wa ke nan. Sai dai ragin da ya taɓa hanyar ruwa ba tanadi ba ne, ruwan zai cinye kwaltar a sake kashe ninkin kuɗin. Ku haɗu da 'yan layi, har mai shagon, ku ɗauki hotunan ɓarnar, ku kai koke a rubuce ma'aikatar ayyuka, da neman diyyar asara. Wannan zai ba ɗanki hujjar neman a dawo da kwalbatin ba tare da an ce son kai ba ne.

Shi kuwa kunyarki yake ji, ba gudunki yake yi ba. Idan direba ya sake zuwa, ki mayar da cefanen, ki ce mai shi ya kawo da hannunsa. In ya zo kada ki yi masa zancen hanya. Ki zuba masa abinci, ki zauna har ya cinye.

Allah ya ƙara miki lafiya, Mama, ya sanyaya zuciyarku duka.