An Canza Mai Jifa

Litinin, 3 ga Yuni, 1996
Hamsatou ce ta faɗa mini a wurin aiki, muna ninke zannuwan gadon otal. Wai ɗana Ubaidu na caca a shagon askin da ke bayan gidan mai. A kan besbol, wasan mutanen ƙasar nan da ake jefa ƙwallo a buge ta da sanda. Na tambaye shi da la'asar, bai musa ba. Ɗan shekara ashirin, ina yi masa Hausa yana mayar mini da Turanci.

Laraba, 5 ga Yuni
Ban gaya wa Malam, babansa, ba. Ga rubutun digirinsa, ga hawan jini.
Ubaidu ya rantse mini: in ya faɗi a wasan Asabar, ya bari har abada. Na ce in ka ci fa? Ya sunkuyar da kai.
Ni na haife shi, amma yau a sujada na roƙi Allah ɗana ya faɗi.

Asabar, 8 ga Yuni
Bai ci ba, bai faɗi ba.
Sai da ya maimaita kafin na gane. Wai wasan duk ya rataya ne a kan wanda ke fara jifan ƙwallo. Da zai zuba kuɗi ya ambaci sunan mai jifan. Da safe kafaɗar mutumin ta motsa, aka sa wani. Tunda ba wanda ya ambata ne ya fara ba, mai aski ya mayar masa da kuɗinsa cif. Ƙungiyar da ya zuba wa kuɗin kuwa ta sha kashi. Da bai ambaci suna ba, cacar na nan ko wa ya yi jifa, ribar kawai ake sake lissafawa. Da kuɗin sun tafi, rantsuwa ta hau kansa.
"Mama, ai ban faɗi ba." Har da dariya.
Na ce ashe 'yan caca ma suna da alƙali.

Lahadi, 9 ga Yuni
Wai kafaɗar wani ƙato da ban taɓa gani ba ce ta hana ɗana barin caca. Astagfirullah.

Alhamis, 13 ga Yuni
Ƙafafuna sun kumbura. Ubaidu ya ce rantsuwarsa na nan, ranar da ya faɗi ya bari. Ya zuba wani na Lahadi, daga abin da yake tarawa na komawa kwaleji.
Don in yarda ba ƙarya yake ba, ya nuna mini inda jarida ke jera masu jifan kowace rana. Rubutu kamar tururuwa. Da na shiga ajin manya a Zariya da goyo a baya, ban zaci irin abin da zan karanta ke nan ba.

Lahadi, 16 ga Yuni
Na riga shi ɗauko jarida. Sunan da ya nuna mini babu shi, an sa wani.
Na ajiye masa shayi na ce, "Wannan karon ka ambaci suna?"
Bai ambata ba. Sabon mai jifan kuma yaro ne, wai bai taɓa fara wasa ba. Da ya ɗauki kofin sai da shayin ya zube masa a wando.
To. Abin da nake nema ke nan, ya kamata in ji sanyi.
Malam ya leƙo kicin da azahar, ya tarar ina sauraron wasan, ya ce yaushe na fara jin Turancin rediyo. Na ce ɗebe kewa ne kawai.
Yaron nan mai jifa dai bai yi laifi ba a zagayen farko.