Ni Hannu Biyu, Yaya Sadiƙ Hannu Ɗaya

Yola, Ƙaraye.

Zuwa ga ɗan Yaya, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka Zakiyya, da abokin hamayyata Nuruddeen, wanda tun da aka haife shi kakarsa ta daina kallona da daraja. Allah Ya raya shi, Ya tsare ku a wannan gari mai ruwa ba dare ba rana. Mu nan sai godiya. Damina ta yi mana kirki, mun cire gyaɗa, dawa ta sunkuya tana jiran lauje. Gwiwar mahaifiyarka da sauƙi, bakinta kuwa ka san bai taɓa ciwo ba. Ƙanwarka Bahijja ta sauka lafiya a Gwangwan, an samu mace, an sa mata Khadija. Wannan sunan ma zan dawo kansa, don a wurinsa aka ci mini fuska.

Za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Ka yi haƙuri da rubutun, a aji biyar na tsaya, shi ma malamin ne ya riga ni gajiya. Dalilin takardar kuwa ka san shi. Kai ɗan fari ne, a gidanmu kuma uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya zama hira da shi. Ranar da aka yaye ka, ni na tuƙa keken, gwaggonka na riƙe da kai a baya, muka kai ka Ruwan Bago gidan Yaya Sadiƙ, don Allah bai ba shi namiji ba. Shekara ashirin da tara ke nan ina ce maka ɗan Yaya, kai kuma kana ce mini Baban Yola, shi kuwa Baba kawai, ba ƙarin sunan gari. In ka kira waya, in ce lafiya, ka ce lafiya, sai in miƙa wa mahaifiyarka kamar wayar ta ƙona mini kunne. To takarda ba ta da ido. Sulle direba mai kai shanu can wajenku zai ba ka ita hannu da hannu, na kuma liƙe ta da kyau don na san shi da son karatun abin da ba nasa ba.

Maganar ƙarfen nan ce da ka kawo da Babbar Sallah, wanda ka kira ketulbel, mahaifiyarka kuma ta sa masa suna butar ƙarfe, wai ga hannun buta ga cikin buta amma ko alwala ɗaya ba za ta yi maka ba. Biyu ka kawo a buhu. Ɗaya ka sauke a Ruwan Bago, tunda can kake fara sauka kullum, ban ce komai ba, ɗaya ka ƙaraso da shi nan. Na tuna yadda ka koya mini a tsakar gida, kana kallon rumbu kana yi wa mahaifiyarka bayani, ni kuma ina kallon akuya ina saurare. Ka ce a ware ƙafafu, a tura ƙugu baya, a miƙe gadon baya kamar allo, a bar ƙarfen ya yi lilo tsakanin cinyoyi, sannan a miƙe da ƙarfi ya tashi daidai ƙirji. Ka ce hannu igiya ne kawai, aikin na ƙugu ne. Daga ƙarshe ka ce mata a gaya wa Baban Yola da hannu biyu zai riƙa yi, kada ya kuskura ya gwada da ɗaya. Na yi dariya a raina, wai yau ga manomi ana koya masa ɗaga ƙarfe, bayan a can masu tumbi ne ke layi a gidan motsa jikin da kake aiki don su yi gumin da muke yi a banza. Amma na bi. Kullum bayan asuba, goma-goma sau biyar. Kuma in faɗi gaskiya, abin ya yi. Ciwon bayan nan da ya addabe ni ya lafa, ina tashi daga sujada ba tare da na dafa bango ba, buhun gyaɗa ma na ɗora a kan babur ni kaɗai. Har tafiyata ta canza, mahaifiyarka ta ce ina yi kamar zakaran da ya ga an yanka ɗan'uwansa an bar shi.

Ina cikin wannan jin daɗi muka je sunan Khadija. An ci an sha, muna zaune a rumfa da surukan Bahijja, sai Yaya Sadiƙ ya zaro wayarsa ya ce a zo a ga abin da ɗansa ya koya masa. Na leƙa kamar kowa. Sai ga Yaya, mutumin da ya girme ni da shekara uku, wanda hawa jaki ma sai an riƙe masa, yana lilo da butarsa da hannu ɗaya, ɗayan hannun na reto a gefe kamar mai kaɗa ƙuda. Bai tsaya nan ba, har sakinta yake a sama ya cafe da hagu. A cikin hoton kuma ga muryarka ƙarara, kana cewa madalla Baba, haka nake so. Ni ban taɓa jin ka ce wa wani abu nawa madalla ba, ko da yake ban taɓa tsayawa na ji ba. Wani daga cikin surukan ya tambaya ko ni ma ina yi. Kafin in buɗe baki Yaya ya amsa mini, wai ai Abdulmumini hannu biyu aka ba shi, irin na ladabi, kamar yaro na karɓar goro wajen kakansa. Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, har na fi kowa, ka san sana'ata ce. Sannan ya ƙara da cewa duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci kana kiransa ta wayar hoto, a jingina ta a turmi, yana yi kana gyara masa. Naman sunan nan ban san inda ya bi ba. A hanya mahaifiyarka ta tambaye ni me ya sa nake gudu da babur haka, na ce hadari nake gani. Sama kuwa fes take.

Washegari na ce in dai Yaya zai iya, to ni da yatsa uku ma zan yi. Na jira mahaifiyarka ta shiga madafa, na kama butar da dama. Lilon farko ta fizge ni kamar bijimin da bai saba da igiya ba, kafaɗata ta yi gaba, sauran jikina ya bi ta. Na biyu na ji wani abu ya ce tsit a kwiɓina na hagu. Mai hankali zai ajiye a nan. Na uku ta suɓuce, ta tafi da kanta ta sami randar mahaifiyarka, randar nan da ta girme ka. Ruwa ya malale tsakar gida, kaji suka watse, ni kuma ina durƙushe riƙe da kwiɓi kamar mai neman gafara. Kwana huɗu a zaune nake salla. A masallaci na ce daga babur na faɗo. Ban sani ba ashe mahaifiyarka ta riga ta kai labarin gaskiya gida shida, har da kwaikwayo.

A kwanakin nan na kwanciya na yi ta saƙa da warwara. Na ce wato yaron nan ya dube mu mu biyu, ya auna, ya ga wancan shi ne namiji, ni kuma tsohon da za a lallaɓa. Da na warke sai na ɗaure butata a bayan babur na nufi Ruwan Bago, da niyyar in sa Yaya ya yi a gabana, ko akwai dabarar da kuka ɓoye mini. Na same shi yana shanya gyaɗa. Ya shiga ya fito da tasa yana wani taƙama. Na sunkuya na tattara ƙarfina duka kamar yadda na saba da tawa, na ɗaga, saura kaɗan ta fasa mini haɓa. Ashe abin wasa ce. Muka kai su biyun wajen masu sayen gyaɗa aka rataya a sikeli: tasa kilo goma sha biyu, tawa ashirin da huɗu. Akwai lambar a jikinta ma, kullum ina ganinta, na ɗauka shekarar da aka ƙera ta ce. Karatun aji biyar ke nan. Na ce wa Yaya bisimilla, ya gwada tawa da hannu biyun ladabi. Ya yi uku, ya nemi dutse ya zauna, ya ce rana ce ta yi zafi.

Mun daɗe a gindin ɗorawa muna gwada wannan muna gwada waccan, mu biyu tsofaffi, matarsa Inna Tasalla na leƙe tana cewa Allah Ya shirya. Ga abin da na gano, in na yi kuskure kai ne malamin. Na hannu biyu aikin garma ne: nauyi mai yawa, jiki a daidaice, cinya da ɗuwawu da gadon baya su ke shan wuta, numfashi ya yi ta hawa, kuma ba wuyar koyo. Na hannu ɗaya kuwa kamar ɗauko guga cike daga rijiya ne a gefe guda. Nauyin bai kai ba, amma yana jan ka ya karkatar da kai, kai kuma dole ka ƙi. Yatsu su ke fara gajiya, sai kwiɓin ɗaya gefen ya ɗauki zafi, kafaɗa kuma in ba ka janye ta baya ba, ta tafi. Kuma yana tona asiri. Da hannu biyu ban taɓa sanin haguna malalaci ba ne, ashe shekara da shekaru dama ke yi masa aiki yana karɓar yabo. Don haka mai neman ƙarfi zalla ya kama da biyu ya ƙara nauyi, mai neman riƙo da daidaita jiki ya rage nauyi ya kama da ɗaya. Ba wanda ya fi wani mazantaka, sai dai na ce wa Yaya sikeli ba ya ƙarya.

Da ya huce sai ya gaya mini sauran. Ya ce tun faɗuwar da ya yi daga kan rumbu jikinsa ya karkace, shi ya sa ka zaɓa masa ƙarama da hannu ɗaya, kuma kana kiransa ne don abin yana da saurin ɓaci, in ba a sa ido ba sai ya murɗe baya. Ya ce ka ce Baban Yola ƙarfin sa gare shi, sau ɗaya aka nuna masa ya ɗauka, ba ya bukatar gyara. Ya ce kuma ba Juma'ar da za ka kashe waya ba ka tambaya ko ina yi ba, da ko bayan nawa ya daina ciwo. Na ce to me ya hana shi gaya mini tuntuni. Ya ce ban tambaya ba, kuma yana jin daɗin ganin fuskata.

Na hau babur ina murmushi ni kaɗai har rabin hanya. Daga nan murmushin ya fara tsinkewa. Na ce wato ni da na iya, ladana shiru, shi da bai iya ba ya samu Juma'a sukutum, da murya da fuska da madalla. Tambayar lafiyar bayana ma sai ta bi ta Ruwan Bago kafin ta iso Ƙaraye, in ta iso. Na nemi wanda zan ɗora wa laifi, na duba ko'ina, na tarar ni ne dai mai miƙa waya. Ban yi nadamar kai ka gidan Yaya ba, ya riƙe ka riƙon da ni ban isa in yi ba, ya kai ka makarantar da ni na gudu daga cikinta. Kunyar nan kuma gadonmu ce, haka mahaifinmu ya yi wa Yaya har ya koma ga Allah bai kama sunansa ba. Amma na ga yadda Yaya ya yi kuka a ranar, ba kukan rashi kaɗai ba ne. Ni shekarata hamsin da shida, ba na so in kai ka can.

Saboda haka ga shawarar da na yanke. Mun yi da Yaya duk mako na ƙarshen wata zai aiko mini da ƙaramar, shi ya huta. Ka ga na zama ɗan koyon hannu ɗaya, kuma ina tabbatar maka ban iya ba ko kaɗan. Kafaɗa na gudu, ƙugu na murɗewa, hagu abin kunya ne. Yaya shaida ne, randa ma shaida ce. Mutum irina in ba a sa masa ido ba zai illata kansa, alhakin kuma a wuyanka. Ban ce ka taɓa Juma'a ba, tasa ce. Asabar da hantsi ba na zuwa ko'ina. Turmi muna da shi, ya fi nasa tsayi. Ka kira lambata, ba ta mahaifiyarka ba, na kuma yi alkawari ba zan miƙa mata ba, ko da zan yi ta kallon akuya har mu gama.

Ka gaishe da Zakiyya da kyau, ka ce gyaɗar da ke cikin ƙullin da na ba Sulle tata ce, kada ka taɓa. Ka ce wa Nuruddeen ya ci tuwo ya yi ƙwari, ina jiransa mu raba gardama a kan matar nan, kakarsa. Mahaifiyarka na gaishe ku, ta ce a gaya maka tun da aka kawo butar da ba ta ɗaukar ruwa ta rasa randar da ke ɗauka. Bahijja da maigidanta da jaririya suna gaisuwa, haka Inna Tasalla. Yaya Sadiƙ bai ba ni saƙo ba, ya ce shi zai faɗa maka da bakinsa ranar Juma'a, ka ji irin halin nasa.

Na ajiye biro na zaga gida sau biyu kafin in rubuta layin nan, kuma ba kowa a tsakar gidan. Allah Ya yi maka albarka, Zubairu.

Sai Asabar.

Ni ne mahaifinka,
Abdulmumini.